Yaya Ɗan Riƙo Yake Zama Ɗan Gida?

 A wanga wata za mu yi magana bisa riƙon yara. Riƙo ba baƙon abu ba ne gare mu. Daga Dogon Dutsi zuwa Magarya, daga Dakwaro zuwa Madarunfa, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da yaron da ke zamne gidan da ba can anka haife shi ba. Wani yana wurin kakarsa. Wata tana wurin gwaggonta. Wani kuma maraya ne, kawunsa ya ɗauko shi bayan sadakar arba'in.

Amma ku lura da wani abu. Akwai ɗan riƙon da in ka tambaye shi ina za shi, sai ya ce: "Za ni gidanmu." Akwai kuma wanda ya shekara 10 cikin gida, amma har yau cewa yake: "Za ni gidansu." Dukansu biyu an ciyar da su, an tufatar da su. To, mi ya raba su? Mi ke sa zuciyar yaro ta kwanta a gidan riƙo? Shi ne abin da za mu duba tare.

DALILAN RIƘO A ƘASARMU

Dalilan da ke sa a ba da yaro riƙo suna da yawa. Na farko shi ne kunyar ɗan fari. Ga al'adar Hausawa da ta Fulani, uwa da uba ba su faɗin sunan ɗan fari, ba su wasa da shi gaban mutane. Don haka sau da yawa in an yaye shi sai kaka ta ɗauke shi. Wani ya yi ƴan watanni ya dawo, wani kuma can zai girma har a yi masa aure.

Na biyu, matar da Allah bai ba haifuwa ba. Ƴan'uwanta ko dangin mijinta sukan ba ta ɗa ko ɗiya, don kada ɗakinta ya zamna ba motsin yaro. Akwai wata tsohuwa Bahausa ta ƙasar Zazzau, ana ce mata Baba ta Karo. Ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, anka buga shi cikin littafi a 1954. Baba ba ta haifu ba, amma ta riƙe yara, ta yi musu aure, sun zama nata har tsufanta.

Na uku, mutuwa da mutuwar aure. Uwa ta rasu wurin haifuwa, ko aure ya ƙare, yaro ya koma hannun kishiyar uwa ko wani cikin dangi. In uwa ce ta tafi da ɗanta gidan sabon miji, shi ne ake ce wa agola.

Na huɗu, yunwa. Tsofaffinmu ba su manta da fari na 1973 da 1974 ba, da na 1984. Ƙanana ma sun ga ƙarancin abinci na 2005 a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. A irin waɗannan shekaru iyaye da yawa sun kai ƴaƴansu wurin dangin da ke da sauran hatsi cikin rumbu. Na biyar kuma karatu: yaro ya ci jarrabawa, babu babbar lakwal a garinsu, sai a nema masa masauki a birni.

Ba mu kaɗai ke yin haka ba. A Burkina Faso, maƙwabciyarmu, an bi gidaje cikin karkarar Bazega an ƙirga. An tarar tsakanin 1998 da 2000, fiye da gida 1 cikin 4 ya ba da yaro riƙo ko ya karɓi na wani.

MI KE ƘULLA YARO DA BABBA?

Jinjiri bai san wadda ta haife shi ba. Abin da ya sani shi ne wadda ke zuwa in ya yi kuka. Ya ji yunwa, ta ba shi. Ya ji tsoro, ta ɗauke shi ta goya. Ya yi zazzaɓi, ta kwana zamne. Yau haka, gobe haka, har ya san muryarta da ƙamshin zanenta. Wajen wata 7 ko 8 sai ya fara ƙiwa, in baƙo ya miƙo hannu ya juya baya ya riƙe uwar goyonsa. Wasu suna jin haushin ƙiwa, alhali kuwa alama ce mai kyau. Tana nuna yaro ya samu mutum nasa wanda ya amince da shi.

A 1951 wani likita na ƙasar Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto bisa yaran da sunka rasa gida bayan babban yaƙin duniya na biyu. Ya nuna cewa ƙaramin yaro yana bukatar mutum tsayayye mai ƙaunarsa kamar yadda yake bukatar abinci. Wannan mutum yana iya zama uwar da ta haife shi, yana kuma iya zama wadda ta tsaya a madadinta.

Abin da ya faru a Rumaniya, wata ƙasa ta Turai, ya ƙara tabbatar da haka. Da gwamnatin ƙasar ta faɗi a 1989, sai anka tarar da yara fiye da dubu 100 cikin manyan gidajen raino na gwamnati. Ma'aikaciya ɗaya tana lura da yara masu yawa, wannan ta tashi wata ta karɓe ta. Yaro ya yi kuka ba mai ɗaukarsa, har ya daina kuka. Yara da yawa sun tsumbure, ba su yi magana da wuri ba.

Daga shekara ta 2000 masu bincike sun bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a Bukares, babban birnin ƙasar. An kai 68 cikinsu gidajen mutane riƙo, sauran sunka zamna inda suke. Da yaran sunka kai shekara 3 da rabi sai anka duba su. Kusan rabin waɗanda anka ba riƙo sun shaƙu da mariƙansu shaƙuwa mai ƙarfi. Cikin sauran kuwa, ko 1 cikin 5 bai samu haka ba. Waɗanda anka kai riƙo kafin su cika shekara 2 sun fi samun sauƙi. Da sunka kai shekara 12 an sake duba su. Waɗanda sunka zamna gida ɗaya ba a canza musu ba sun fi waɗanda anka yi ta sauya wa hannu kwanciyar hankali.

Darasin da ke ciki a fili yake. Mutanen da sunka riƙe yaran nan ba danginsu ba ne, ba jini tsakaninsu. Kulawar yau da gobe ce ta ƙulla su. Kuma yawo da yaro gida-gida, bana wurin inna, baɗi wurin baffa, yana tsinka igiyar da ta fara ƙulluwa.

KWANAKIN FARKO

Ranar da anka kawo yaro sabon gida, manya suna ganin an yi masa alheri. Shi kuwa abin da ya gani shi ne ya rasa uwarsa, da ɗakin da ya saba, da abokan wasansa. Baƙin ciki ne na gaske, amma yaro ba shi da bakin faɗinsa. Sai ya fito ta wata hanya.

Wani yaron zai ƙi cin abinci. Wani zai ci ba ƙoshi, har ya riƙa ɓoye dunƙulen fura ko guntun tuwo ƙarƙashin tabarma. Wanda ya daɗe da barin fitsarin kwance yana iya komawa yi. Wani ya yi shiru kamar kurma, wani ya riƙa faɗa da yaran gida, wani kuma ya kama hanyar garinsu da ƙafa. In kun ga haka, kada ku ce yaron mugun iri ne. Tsoro ne ke damunsa. Bulala kuwa tsoro take ƙarawa. Yaron da anka doka don ya yi fitsarin kwance, gobe ma zai yi, kuma ya koyi cewa a gidan nan babu wurin kai kuka.

Ga abubuwan da ke taimako, kuma ba su cin ko dala:

1. Kafin a kawo yaro, a bari ya saba da gidan. A kai shi yini, a dawo da shi. Mariƙiyar ma ta riƙa zuwa gidansu, ta ɗauke shi, ta ba shi abinci da hannunta.

2. A faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: ga inda za ka, ga wadda za ta lura da kai, ga lokacin da za mu zo ganinka. Kada uwa ta sulale ta gudu yana barci. Yaron da ya farka ya ga ba uwarsa yakan daɗe yana tsoron barci.

3. A haɗo shi da abin da ya saba, kamar zanen goyonsa, ko ƙoƙonsa na shan fura.

4. A ware mutum ɗaya cikin gida wanda yaron ke hannunsa. Ita za ta yi masa wanka, ita za ta ba shi abinci, kusa da ita zai kwana. In gida mai mata 2 ko 3 ne, a san ɗakin da yaron yake. Ɗan da ke na kowa da kowa, wani dare zai kwana da yunwa, kowace tana zaton ƴar'uwarta ta ba shi.

5. Miji da mata su shirya tun kafin yaro ya zo. In maigida ya ɗauko ɗan ƙanensa bai yi shawara da matarsa ba, haushin da ta ji bisa yaron zai sauka.

Akwai kuma maganar yaye. Mun saba a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi wurin kaka ran nan. Ke nan ya yi rashi biyu lokaci guda, ga rashin nono ga rashin uwa. Yara da yawa nan suke ƙin abinci, su rame, tamowa ta kama su. Ma'aikatan lafiya suna cewa a ba jinjiri nono zalla har wata 6, sannan a haɗa masa da kunu da sauran abinci, a ci gaba da nono har shekara 2. In za a yaye, a rage nono kaɗan-kaɗan. In za a kai shi wurin kaka, ya zama ya riga ya saba cin abinci daga hannunta.

Babban yaro, ɗan shekara 7 ko 10, ya fi jinjiri daɗewa kafin ya saki jiki. Yana iya ɗaukar watanni, wani har shekara. Zai riƙa gwada ku, ya yi laifi ya zuba ido ya ga ko za a kore shi. A yi masa faɗa kamar yadda ake yi wa ɗan gida, amma kada a ce: "Za mu maida kai inda ka fito." Mai haƙuri yakan dafa dutse.

AKUSHI ƊAYA, MAGANI ƊAYA

Yaro ba ya auna ƙauna da abin da anka faɗa masa. Da ido yake aunawa. Yana kallon wa anka fara zuba wa tuwo, wa anka ba tsokar nama. Yana kallon wa anka ɗinka wa rigar salla, wa anka ba kwancen wani. Yana ganin wa ke tafiya lakwal da safe, wa ke ɗaukar tulu zuwa rijiya. In damina ta yi, yana ganin wa ke kwana cikin gidan sauro.

Aiki ba laifi ba ne. Ɗan manomi da noma yake tashi, ɗan makiyayi da kiwo. Ɗiya mace tana koyon daka da surfe wurin uwarta. Laifin shi ne a tara wa ɗan riƙo aikin gida duka, ƴaƴan ciki suna wasa. Irin wannan shi ake ce wa riƙon sakainar kashi. Ya fi yawa ga yara mata da ake kaiwa birni da sunan riƙo. An yi wa iyaye alkawarin karatu, sai yarinya ta ƙare da talla da wanke-wanke daga asuba har dare.

Inda bambanci ya fi haɗari shi ne wajen ciwo. A ƙasar Saliyo an yi wani bincike cikin karkara wanda ya fito a 1988. An tarar ƙananan yara ƴan riƙo sun fi rama, kuma ba a kai su likita da sauri kamar ƴaƴan gida. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Uwa tana gane ciwon ɗanta tun daga yadda ya kwanta. Ɗan riƙo kuwa yana jin kunyar faɗi, yana ɓoye ciwonsa har ya yi tsanani. Don haka mariƙiya ta riƙa taɓa jikinsa, ta riƙa tambayarsa. In jikinsa ya yi zafi, ko yana zawo, a kai shi likita ran nan. A 2006 gwamnatin Nijar ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma dokar ba ta ware ɗan riƙo ba. In za a karɓi ƙaramin yaro, a karɓo shi tare da katinsa na awo da rigakafi, don a san allurar da ta rage masa.

Sai kuma baki. Gori ya fi bulala ciwo, don shatin bulala yana ɓacewa. "Ai nan ba gidan ubanka ba ne." "Agola kawai." "Da ba don mu ba, da yunwa ta kashe ka." Kalma ɗaya irin wannan tana rushe alherin shekara guda. Yaran gida daga bakin manya suke ɗaukar gori. In sun ji uwarsu tana cewa "yayanku" ko "ƙanwarku", haka za su kira shi. Su ma a ja su a jiki, don kishi yana kama yara. A sa babban ɗa ya riƙa raka sabon zuwa lakwal, ya nuna masa gona da makiyaya.

Makiyaya sun san al'adar haɓɓanaye. Mutum yana ba ɗan'uwansa aron saniya ko akuya, ta haifu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya maida uwar ga mai ita. Kowa ya san yadda ake tattalin dabbar haɓɓanaye. Ba a dukanta, ba a barinta da ƙishirwa, don abin kunya ne ta koma wa mai ita da rama. To, in haka ake riƙon amanar bisa, yaya ya kamata a riƙe amanar ɗan mutum?

KADA A ƁOYE WA YARO ASALINSA

Wasu mariƙa suna tsoron in yaro ya san iyayensa zai guje su. Sai su ɓoye masa, su hana dangi faɗi. Amma a gari babu asirin da ke daɗewa. Wata rana wurin faɗa a bakin rijiya, ko ranar neman aure, ko ranar rabon gado, wani zai jefa masa maganar. Yaron da ya ji asalinsa daga bakin mai gori yana jin ciwo biyu. Ga zafin labarin, ga kuma sanin cewa mutanen da ya fi yarda da su sun ɓoye masa. Gara ya ji daga bakin mariƙinsa, tun yana ƙarami, cikin lallashi, a kuma bar masa ƙofar tambaya.

Addinin Musulunci ya yi bayani bisa wannan. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, maraya ya tashi. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun ba a haife shi ba. Halimatu Sa'adiyya ta shayar da shi. Mahaifiyarsa Amina ta rasu yana da shekara 6, kakansa Abdul Muɗɗalibi ya riƙe shi. Yana da shekara 8 kakan ya rasu, sai baffansa Abu Ɗalibi ya ɗauke shi. Da ya girma, wata shekara ta yunwa ta zo wa Makka, sai shi ma ya ɗauko Aliyu ɗan Abu Ɗalibi ya riƙe, don ya rage wa baffansa nauyi.

Akwai kuma Zaidu ɗan Harisa, wanda anka raba da iyayensa tun yana yaro, ya tashi gidan Annabi. Da mahaifinsa da baffansa sunka samu labarinsa, sai sunka zo Makka don su tafi da shi. An ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi ya zamna inda yake, saboda kyawon riƙon da ya gani. Mutane sun daɗe suna ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, har aya ta sauka cikin Suratul Ahzabi ta yi umurni a riƙa kiran irin waɗannan yara da sunan ubanninsu. Sunan Zaidu ya koma na mahaifinsa, amma matsayinsa cikin gidan bai ragu ba. Ke nan yaro yana iya sanin ubansa sarai, kuma zuciyarsa ta kwanta ga mariƙinsa.

Sanin asali yana da amfani wajen aure. Malamai sun ce in mace ta shayar da yaro cikin shekarunsa 2 na farko, ya zama ɗanta na nono, babu aure tsakaninsa da ƴaƴanta. In ba a shayar da shi ba, riƙo kaɗai ba ya hana aure. Don haka a riƙa faɗa wa dangi wadda ta shayar da wane, kada a manta.

Haka nan wajen takarda. Ga dokar 2019, ana da kwana 60 a sanar da haifuwar yaro a yi masa takardar haifuwa. In lokacin ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali. Sunan iyayen da sunka haife shi ake rubutawa. Mai karɓar riƙo ya tambayi takardar nan tun ranar farko, ya adana ta tare da na ƴaƴansa. In babu, ya tashi tsaye a yi ta. Ba tare da ita ba yaro zai sha wuya wurin jarrabawa da wurin neman katin ɗan ƙasa. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce yaro yana da haƙƙin suna da sanin iyayensa. Ta kuma ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gida.

RABONSA CIKIN ARZIKIN GIDA

Ɗan riƙo yana girma yana tunanin gobe. Ya yi shekaru yana noma gandun gidan nan, yana kiwon bisashen gidan nan. In maigida ya faɗi ya mutu, ina makomarsa? Ga shari'a, riƙo kaɗai ba ya sa a ci gado. Gadon yaro yana wurin iyayen da sunka haife shi. Yara da yawa sai ranar rabo suke sanin haka, su tashi hannu banza daga gidan da sunka yi wa wahala.

Amma shari'a ta buɗe ƙofa biyu. Ta farko kyauta. Mutum yana da iko, tun yana da rai da lafiya, ya ba ɗan riƙonsa gona, ko karsana, ko tumaki, ya danƙa masa a hannu gaban shaidu. In gona ce, a je wurin maigari a yi takarda. Ta biyu wasiyya. Mutum yana iya yin wasiyyar abin da bai wuce kashi 1 cikin 3 na dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba ne. A yi ta gaban malami da shaidu, a rubuta, a kuma sanar da ƴaƴan gida tun da wuri don kada rigima ta tashi daga baya.

Ba sai mai arziki ba. In ana yanka wa samarin gida gamana, shi ma a yanka masa. In ana nuna wa kowane yaro ƴar akuyarsa cikin garke, shi ma a nuna masa tasa. In ɗiya mace ce, uwar riƙo ta fara tara mata kwanoni da tasoshi kamar yadda take tara wa ɗiyar cikinta. Yaron da ke da ƴar tunkiya ɗaya cikin garke, da wani ido yake kallon garken.

In kuwa maraya ne, kuma uba ya bar masa gona ko dabbobi, wannan dukiya tasa ce. Mariƙi mai tsaro ne kawai. Alƙur'ani ya yi gargaɗi mai tsanani cikin Suratun Nisa'i bisa cin dukiyar maraya. A ƙirga ta gaban shaidu ranar da anka karɓa, a danƙa masa abinsa in ya yi hankali.

GA IYAYEN DA ZA SU BA DA ƊA

Ba da riƙo ba yar da ɗa ba ne. Kafin ku ba da yaro, ku je da ƙafarku ku ga gidan. Ku tambaya: ɗakin wa zai kwana? Za a sa shi lakwal ko makarantar allo? In ya yi ciwo, wa zai biya magani? Ku yi hankali da mutumin da ba ku san gidansa ba, wanda ya zo da alkawarin kai yaro birni ko wata ƙasa.

Bayan kun ba da shi, ku riƙa zuwa, don zumunta a ƙafa take. In an yi girbi ku aika da damen hatsi, ko kaɗan ne. In akwai salula ku kira, a ba yaron ya ji muryarku. In kun je, ku keɓe da shi ku ji bakinsa, ku dubi jikinsa. Amma kada ku ɓata mariƙinsa gabansa, kada ku riƙa ce masa can baƙo ne shi. Yaron da ya ga iyayensa da mariƙansa suna girmama juna, ya san gida biyu gare shi. In kuwa kun ga rama, ko tabon duka, ko an hana shi karatu, kada kunyar dangi ta rufe muku baki. Ku yi magana da dattawan gida. In abin ya ƙi, ku kai wa maigari ko ma'aikatan kula da yara na jiharku, ku ɗauko ɗanku.

Ƴan'uwa, Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Kowanenmu ya san wani babban mutum, malami ko ɗan kasuwa ko manomin kirki, wanda a hannun kaka ko gwaggo ya tashi, kuma shi ne ya riƙe ta da ta tsufa. Wanda ke da ɗan riƙo a gida, daren yau in an zuba tuwo ya duba inda yaron yake zamne, da abin da ke cikin kwanonsa. Waɗanda sunka iya karatu kuma su karanta wa sauran wanga bayani a dandali da wurin taron mata, a yi shawara bisa kansa. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙon amana.